Shin Ko Kun San? Rigimar A da B a Hannun Gem

Shin ko kun san cewa alamar X ta zauna a duk kusurwoyi huɗu na hannun gem, ya danganta da kamfanin da ya ƙera shi? A hannun PlayStation tana ƙasa. A na Xbox tana hagu. A na Nintendo Switch tana sama. A na GameCube kuwa, wanda Nintendo ya fitar a 2001, tana dama, a raɓe da wani ƙaton madanni kore mai harafin A. Saboda haka idan wasa ya watso maka umarnin danna X cikin gaggawa, kuma kai mai yawo ne tsakanin na'urori, babban yatsanka yana da hanyoyi huɗu a gabansa, uku daga ciki ɓata ne.

Shin ko kun san cewa haruffan Nintendo da na Xbox iri ɗaya ne, mazauninsu ne a juye? A wajen Nintendo, A na dama, B na ƙasa, X na sama, Y na hagu. A wajen Xbox, A na ƙasa, B na dama, X na hagu, Y na sama. Abin da ya ƙara dagula lamarin, duka kamfanonin biyu sun yarda cewa A ne "na amince", B kuma "koma baya". Ga ido babu saɓani. Amma yatsa ba ya karatu, wuri ya haddace. Mutumin da ya saba da Xbox idan ya ɗauki Switch zai yi ta fita daga abin da yake son shiga, ya yi ta shiga abin da yake son fita, har sai ya fara duba hannunsa kamar sabon shiga.

Tushen abin tsoho ne. Hannun Famicom na 1983, na'urar da aka kai Amurka a 1985 da sunan NES, madannan wasa biyu ne kacal gare shi, B a hagu, A a dama. Babban yatsa yana shigowa ne daga gefen dama, A yake fara tararwa. A Super Mario Bros. na 1985, B ne gudu, A ne tsalle, sai ka kwantar da yatsa a kan B ka mirgina shi kan A. Da Super Famicom ta fito a 1990 aka ƙara X da Y, aka jera huɗun gicciye: sama, ƙasa, hagu, dama. Aka kuma ƙara L da R a kafaɗun hannun. Wannan fasalin ne kusan kowa ke kwaikwayo har yau, ko da ya sake wa madannan suna.

Sega bai bi Nintendo ba. A Mega Drive ta 1988 ya jera A, B, C daga hagu zuwa dama yadda ake karatun boko, a 1993 kuma ya fitar da hannu mai madannai shida, aka ɗora X, Y, Z a sama, musamman domin masu buga Street Fighter II, wasan da asalinsa madannai shida yake buƙata, uku na naushi, uku na shuri. Da Dreamcast ta zo a 1998, Sega ya koma madannai huɗu, ya sa A a ƙasa, B a dama, X a hagu, Y a sama. Shekara uku bayan haka Microsoft ya shigo kasuwa da Xbox a kan wannan tsarin. Ashe gadon Sega ne masu Xbox ke riƙe da shi, ko da yake Sega ɗin ya daina ƙera na'urorin gem tun 2001.

Shin ko kun san cewa alamomin PlayStation ba ado ba ne? Teiyu Goto, wanda ya zana hannun da ya fito da na'urar a Disamban 1994, ya bayyana cewa kowace alama da abin da take nufi. Alwatika tana wakiltar kai ko inda mutum ya fuskanta. Murabba'i takarda ce, wato jerin zaɓi ko wani rubutu. Da'ira da gicciye, wato alamar X, su ne "eh" da "a'a". A Japan, malamin makaranta idan ɗalibi ya amsa tambaya daidai, jar da'ira yake zana masa, idan ya faɗi ya buga masa gicciye. Mu nan jar da'ira a takardar jarrabawa ƙwai ce, ba wanda ke murna da ita.

To ku duba inda Goto ya ajiye da'irar. Tana dama, daidai inda A na Nintendo yake. Gicciye kuma yana ƙasa, a gurbin B. Wato a Japan babu wata rigima tsakanin hannun Sony da na Nintendo, dama ce amincewa, ƙasa ce janyewa. Ba abin mamaki ba ne, don da farko tare kamfanonin biyu suke aikin haɗa wa Super Famicom na'urar faifan CD, kafin su ɓata a 1991, Nintendo ya koma wajen Philips, Sony ya yi gaban kansa. Wani samfurin waccan na'urar ta haɗin gwiwa ya tsira, an yi gwanjonsa a 2020 a kan dala 360,000.

A Amurka da Turai ne aka juya al'amarin, gicciye ya zama na amincewa. Ba a lokaci ɗaya kowa ya bi ba. Final Fantasy VII na 1997 da Metal Gear Solid na 1998 sun shiga kasuwannin Turawa da ɗabi'arsu ta gida, da'ira ce ke shigar da kai. A wasannin Turawa na wancan zamani kuma, sau da yawa alwatika ce ke mayar da kai baya, ba da'ira ba. Haka aka zauna da tsari biyu shekara ashirin da shida. Wanda ya taɓa sayen tsohuwar na'urar da aka shigo da ita daga Japan ya san wannan ciwon kai: a fuskar na'urar da'ira ce ke aiki, da ka shiga wasan da aka yi wa Turai sai a koma gicciye.

Sai a 2020, da PlayStation 5 ta fito, Sony ya yanke hukunci cewa gicciye ne amincewa a ko'ina, har da Japan. 'Yan wasan can sun yi ƙorafi sosai, kuma a ganina da gaskiyarsu. Su ne ke kan asalin ma'anar, su aka ce su canza. Dattawan da suka ga ranar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972 za su gane irin wannan, doka tana sauyawa a dare ɗaya, jiki kuwa sai ya ɗauki lokaci.

Shin ko kun san cewa har sirrin Konami, jerin madannan da ake dannawa a samu garaɓasa a wasa, sai da sauyin madannai ya shafa? Sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Kazuhisa Hashimoto ne ya dasa shi a Gradius na Famicom a 1986, don wasan ya yi masa wuya a lokacin gwaji, Contra kuma ya yayata shi da rayuka 30 da yake bayarwa. A Gradius III na Super Nintendo, idan ka danna shi yadda ka saba, jirginka ne zai tarwatse. Dole ka maye gurbin hagu da dama da madannan L da R.

Yanzu mu zo wurin da abin ya fi taɓa mu, wato ƙwallo.

Shin ko kun san cewa babban saɓanin da ake yi a gidajen gem bai ma buƙatar na'ura biyu? Hannu ɗaya ne, wasanni ne biyu. A PES na Konami, wanda a Japan ake kira Winning Eleven, murabba'i ne bugun raga, da'ira ce kuros ko doguwar ƙwallo, R1 ne gudu. A FIFA na EA, da'ira ce bugun raga, murabba'i ne kuros, R2 ne gudu. Gicciye da alwatika ne kawai suka zauna lafiya a duka biyun: gajeren fasin da fasin da ke ratsa 'yan baya. Shi ya sa za ka ga gwani a PES ya zauna a gaban FIFA, ya yanke mai tsaron gida, raga a buɗe, sai ya ɗaga ƙwallo ta tafi wajen tutar kwana. Abokai su kwashe da dariya, shi kuma ya ce hannun ne ba shi da kyau. Hannun lafiyarsa ƙalau.

EA ya san da wannan tun tuni, shi ya sa ya ajiye tsari na biyu a cikin saitin wasan, mai suna Alternate, wanda ke mayar da bugun raga kan murabba'i, kuros kan da'ira. A fili yake cewa tarko ne na janyo mutanen Konami. Sunayen wasannin sun canza, PES ya zama eFootball a 2021, FIFA ya zama EA Sports FC a 2023, amma tambayar da ake yi kafin a take wasa tana nan: "Da me kake shot?" Mai hankali yana tsayawa ya gyara saitinsa kafin alƙali ya hura usur. Mai girman kai sai an zura masa biyu.

Shin ko kun san cewa ba a daɗe da ba mutane damar sauya aikin madannai daga cikin na'urar kanta ba? A kwamfuta wannan tsohon abu ne, masu wasa da allon rubutu sun saba ɗora kowane aiki a kan harafin da suka ga dama. A na'urorin gem kuwa, abin da mai wasan ya tsara shi za ka bi, sai in ya ji tausayinka. Sony ne ya sa wannan dama a PlayStation 4 a Maris 2015, a sabuntawa mai lamba 2.50, a sashen Accessibility, wanda aka tanada domin masu buƙata ta musamman. A ƙarshen shekarar Microsoft ya fitar da hannun Elite da manhajar Xbox Accessories, sannan ya buɗe damar ga hannaye na gama-gari. Nintendo, wanda tsarinsa ne ya fi rikita baƙi, shi ya zo ƙarshe. Switch ta fito a Maris 2017, amma sai a Afrilun 2020, a sabuntawa ta 10.0.0, aka yarda ka musanya A da B. Ana iya ajiye tsari har biyar ga kowane irin hannu, sai dai damar ta tsaya ne a kan Joy-Con, da Pro Controller, da Switch Lite.

Amma akwai ƙura a ciki, kuma ita ce mutane da yawa ba sa ganewa sai sun faɗa. Idan ka sauya madannai daga saitin na'ura, wasan bai san ka yi ba. Na'urar ce ke tsayawa a tsakani, ka danna na ƙasa, ta gaya wa wasan cewa na dama ka danna. Saboda haka talabijin zai ci gaba da nuna maka "danna A", alhali madannin da ke yin aikin A a hannunka B ne a rubuce a kansa. Ka gyara wa yatsa, ka ɓata wa ido.

Ba a nan ta tsaya ba. Mai tsara wasa yana la'akari da waɗanne madannai ne yatsa ɗaya zai iya haɗawa. A wasu wasannin Mario na zamani, Y ne gudu, B ne tsalle, hagu da ƙasa ke nan, kan yatsa na kan ɗaya, gindinsa na kan ɗayan. Ka musanya A da B don ka ji daɗin shiga da fita a jerin zaɓi, sai tsalle ya koma dama, gudu yana hagu, yatsa ɗaya ba zai haɗa su cikin sauƙi ba. Ni dai shawarata, idan wasan yana da nasa wurin sauya madannai, can ya kamata a fara dubawa, don shi idan ka sauya, alamun da ke fitowa a talabijin ma suna sauyawa. Saitin na'ura na ranar da babu mafita ne. The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017 misali ne na rowar da ake yi a wannan fanni: abin da ya bari ka musanya a madannan fuska shi ne tsalle da gudu, X da B, shi ke nan.

Shin ko kun san cewa masu rubuta manhaja sun gaji da haruffan, sun koma kiran madannan da sunan jihohi? Kudu, gabas, yamma, arewa. Haka suke a Linux, haka suke a injin ƙera wasanni na Unity, haka ma manhajar SDL ta koma kiransu a zubinta na uku. Kudu shi ne gicciye a PlayStation, A a Xbox, B a Nintendo. Ƙa'idar da manhajojin shiga intanet ke bi ita ma ta wuri ce: lamba 0 na ƙasa, 1 na dama, 2 na hagu, 3 na sama. Nintendo da kansa ya bi wannan hanya a inda ta kama shi dole. Idan ka zare Joy-Con ɗaya ka riƙe shi a kwance, haruffan sun juya, na hagun ma kibiyoyi ne a kansa ba haruffa ba. Sai wasanni suka koma nuna ɗigo huɗu, a cike ɗaya, ka gane wurin da ake nufi.

A kwamfuta, tsarin Xbox ne ya zama sarki, saboda XInput da Microsoft ya shigo da shi tare da hannun Xbox 360 a 2005. Shi ya sa za ka jona hannun PlayStation, wasa ya riƙa nuna maka koren A da jan B. Steam na kamfanin Valve ya fi kowa sakin mara a nan. Tun 2018 yake karɓar Pro Controller na Switch, kuma akwai zaɓi guda da ke tambayarka ko haruffan Nintendo za a bi ko mazaunin Xbox. Kana iya yi wa kowane wasa tsarinsa, ko ka ɗauki wanda wani ya riga ya tsara ya raba wa jama'a.

Masu wasa a waya ma ba a bar su a baya ba. Apple ya fara karɓar hannayen PlayStation 4 da Xbox a iOS 13 a 2019, a iOS 14 ya ƙara damar sauya madannai. Manhajar PPSSPP kuwa, wadda Henrik Rydgård ya fara a 2012, wadda samarinmu da yawa ke buga ƙwallon PSP da ita a wayoyin Android, tana da wurin ɗora kowane madanni inda kake so, har da zaɓin ko gicciye ko da'ira ce za ta zama ta amincewa. Sai dai a tuna PSP ba ta da L2 da R2, kuma sandar juyawa ɗaya gare ta. Duk yawan madannan hannun da ka jona, wasan iya nasa ya sani.

Shin ko kun san akwai bambancin da saiti ba ya iya gyarawa? Madannan kafaɗa suna da suna uku: L1, L2, R1, R2 a PlayStation, LB, LT, RB, RT a Xbox, L, ZL, R, ZR a Switch. Suna ba matsala ba ne. Matsalar ita ce kunamar PlayStation da ta Xbox, wato L2 da R2, LT da RT, suna auna zurfin dannawa, ka taɓa kaɗan mota ta tafi a hankali, ka danne ta kwasa da gudu. Ta Switch kuwa a kunne take ko a kashe. Abin ya ci Nintendo da kansa: Super Mario Sunshine na GameCube ya dogara da kunama mai auna zurfi wajen fesa ruwa, da aka sake fitar da shi a Switch a 2020 sai da aka raba aikin a kan madannai biyu. Haka nan mazaunin sanduna. Na PlayStation a jere suke a ƙasa, na Xbox da Switch na hagun yana sama. Wannan sai dai ka sayi wani hannun.

Masu wasannin harbi su suka fi kowa tsanani a kan wannan batu, don babban yatsan dama aiki biyu gare shi, saita bindiga da danna madannan fuska, kuma duk lokacin da ya bar sanda ya je tsalle, an makance na ɗan lokaci. Halo na 2001 ya zo da tsare-tsare da dama, har da na bahago. Halo 3 na 2007 ya shahara da Bumper Jumper, wanda ya kai tsalle kafaɗa. Call of Duty yana da Tactical, mai mayar da durƙuso kan danna sandar dama. Wasu kuma sun koyi lanƙwasa manuniya ta hau kan madannan fuska. Daga nan kasuwar madannan bayan hannu ta buɗe, waɗanda ake dannawa da yatsun tsakiya. Kamfanin Scuf ne ya yi suna a kai, Microsoft ya karɓi lasisi a wurinsa don hannun Elite, Valve kuwa kotu suka je, a 2021 masu taimaka wa alƙali a Amurka suka ce ya biya kimanin dala miliyan 4 saboda na bayan Steam Controller. Bai hana shi sa guda huɗu a bayan Steam Deck a 2022 ba.

Ga wasu mutane, wannan magana ta wuce jin daɗi. Mai hannu ɗaya, ko wanda yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, ko wanda shanyewar jiki ta taɓa, idan ba a matsar masa da madanni ba, wasan ya rufe masa ƙofa. A Satumban 2018 Microsoft ya fitar da Xbox Adaptive Controller, faffaɗan allo mai manyan madannai biyu da ramuka 19 a bayansa, kowane rami na wakiltar madanni guda, ka jona abin takawa da ƙafa ko abin turawa da haɓa. An tsara shi tare da ƙungiyoyi irin su AbleGamers da SpecialEffect. Xbox yana kuma da tsarin da hannaye biyu ke aiki a matsayin ɗaya, uba ya riƙe tafiya, ɗa ya riƙe tsalle. Sony ya fitar da nasa, Access, a Disamban 2023, mai siffar faifai, ana cire madannansa a sake jera su. The Last of Us Part II na 2020 ya zo da saituna sama da 60 na irin wannan, ciki har da sauya kowane madanni.

Shin ko kun san cewa a gasannin wasan faɗa irin su Evo, ana ba 'yan wasa dama su gwada madannansu kafin a fara ƙirga zagaye? Kowa da tsarinsa yake zuwa, kuma na'urar ta riga ta bi ta hannun mutane da yawa. Switch ma tana da irin wannan kaffa-kaffa: idan an sauya wa hannu madannai, da ka tashe ta daga barci za ta sanar da kai, ta tambaye ka ko a mayar da su yadda suke ko a bar su. Masu gidajen gem da za su samu irin wannan a saitin ƙwallo, da rabin gardamar da ake yi musu a shago ta ragu.